Kayan Yaya Muntaka

Sunan da ke kan iƙamata, takardar izinin zamana a ƙasar nan, Muntaka Adamu. Ba nawa ba ne, na wana ne. Ni Ya'u ne, kuma har zuwa wata Asabar a cikin watan Safar, babu mai rai a Jidda da ya san haka.

Ɓoye shi bai yi mini wuya ba. A gidanmu ba a kiran sunan babba. Matata Tani ta zauna da ni shekara arba'in da ɗaya, Malam take ce mini har ta rasu. 'Ya'yana Baba suke cewa. A Nuzla, inda na tsufa ina gasa tsire a bakin titi, Alhaji ne sunana a bakin kowa. Sunan yana kan takarda kawai. Amma a kan takardar nan gidan duka ya tsaya. Iƙamar ɗana Zaharadden daga tawa ta fito, ta 'ya'yansa daga tasa. Idan tawa ta rushe, tasu ba ta da gindin zama.

Jikata Khairiyya ce ta jawo komai. Tana aiki a wani kantin magani a Safa, tana da motarta, kuma bakinta ba ya hutawa. Ranar Juma'a bayan la'asar ta zo da inabi a leda, ta zauna a kan tabarmata ba wanda ya ce ta zauna.

"Angona, gobe ina hutu. Zan fita da kai yawo."

"Ba na yawo."

"Likita ya ce ka riƙa tafiya."

"Ina zuwa masallaci."

"Taku ashirin! Wallahi kyanwar layin nan ta fi ka motsi." Ta jefa inabi a baki. "An buɗe wani tsohon fanar a kudu, can bayan Khumra. Hasumiyar da ke haska wa jiragen ruwa hanya, wai tun zamanin Turkawa. Matakala ɗari da arba'in. Af, na manta da gwiwoyinka. Halas, bar shi. Zan nemi wani mijin mai ƙafa."

"Ƙarfe nawa?" na ce.

Abin da ya kai ni ke nan. Shekara hamsin da takwas ina garin nan ban taɓa zuwa bakin teku ba, yara sun ɗauka warin kifi ne ba na so. Da ta ce kudu, gabana ya faɗi. Na ce wa kaina gaɓar tana da tsawo, fitilu kuma ba ɗaya ba ne.

Da hantsi muka fita. Muka wuce rumbunan kaya na Khumra da manyan motocin da ke jere a bakinsu, muka wuce gidajen leburori, kwalta ta ƙare muka hau yashi. Babu iska. Wani farin hazo ya taso daga teku ya cinye rana, ta koma kamar faranti. Khairiyya tana ta zuba, rabi Hausa rabi Larabci, tana ba ni labarin wata mata da ta zo sayen maganin tari wa akunta. Sai hasumiyar ta fito daga cikin hazon. Fara ce, wuyanta baƙi, da tagogi uku ƙanana a jere, na tsakiyar ya ɗan kauce.

Na san ta. An yi mata sabon fenti, amma na san ta.

Daga Gumel muka taso a ƙasa, ni da Yaya Muntaka, ina da shekara goma sha shida. Shekara biyu muka yi a hanya, muna tsinkar auduga a Sudan muna ci gaba. Shi yana da fasfo. Nawa ya ɓace tun a hanya. Da ya so, da ya shiga babban jirgi kamar sauran alhazai, ya sauka a tashar Jidda da rana tsaka. Ya ce Inna a hannunsa ta damƙa ni, ba zai tsallaka ya bar ni ba. Saboda ni ya shiga kwalekwalen masu fasa-ƙwauri, mu talatin da wani abu.

Gari na wayewa, cikin hazo irin wannan, mai kwalekwalen ya tsaya nesa da gaɓa. Ya ce ruwan iya gwiwa ne, mu sauka mu nufi hasumiyar can. Ya ce akwai askarawa a gindinta, kada wanda ya yi magana, kada wanda ya yi ko tari.

Mu mutanen tudu ne. Ruwan da muka sani kogi ne da tafki, wanda ke ƙara zurfi kaɗan-kaɗan, ƙafarka tana gaya maka tun kafin ya kai ƙirji. Nan ba haka ba ne. Dutse ne a shimfiɗe a ƙarƙashin ruwa, iya gwiwa, iya gwiwa, sai rami wanda ba shi da ƙasa. Ba wanda ya gaya mana.

Ƙane ke ɗaukar kayan wa, haka aka raine mu. Ƙunshin Yaya yana kaina, da fasfonsa a ciki cikin jakar fata. Ina gaba, yana bina. Na ji ruwa ya buɗe a bayana ya rufe. Sai na ji, "Ya'u." Ba da ƙarfi ba. Ko a wannan halin yana kiyaye abin da aka ce. Sau uku ya kira.

Ban amsa ba. Na sha gaya wa kaina cewa kaya ne a kaina, wuyana ba ya juyuwa. Ƙarya ne. Kaya ana jefar da su. Tsoro ne.

Bayan kwana biyu aka kama ni a hanya aka tambayi sunana. Na miƙa fasfon. Hoton ya sha danshi, mun kuma yi kama. Daga nan na zama Muntaka. Na sa wani malami ya rubuta wa Inna cewa Ya'u ya rasu a teku. A Gumel aka yi mini sadakar uku, da ta bakwai, da ta arba'in. Matar da Yaya ya bari, na aika mata takardar saki da sunansa. Ban taɓa komawa ba, don Inna da ido ɗaya za ta gane ɗanta. Shi kuwa ba a yi masa wanka ba, ba a yi masa salla ba, ba a raba ko dabino ɗaya da sunansa ba. A wurin kowa yana raye, yana gasa tsire a Nuzla.

"Jaddi, ka yi shiru. Tun daga nan ka fara jin tsoron matakalar?" in ji Khairiyya. Jaddi kaka ke nan da Larabci.

"Buɗe mini ƙofa," na ce.

Babu wata mota a wurin sai tamu. Mai gadi yana cikin wani ɗan ɗaki na gilashi mai sanyi, saurayi ne mai ƙiba, an rubuta Majid a ƙirjinsa, in ji Khairiyya. Ya cire abin jin waƙa daga kunne ɗaya ya karɓi katunanmu. Ya ce da Larabci yau ba a samu baƙi ba saboda hazo, mu hau a hankali, kada mu taɓa gilashin fitilar. Ya rubuta nata. Ya ɗaga nawa ya karanta da ƙarfi, kamar yadda suke yi.

"Muntaka Adamu?"

"Na'am."

Ba ni na faɗa ba. Bakina a rufe yake. Daga ƙofar hasumiyar ta fito, ƙofar ƙarfe da ke buɗe a bayanmu, kuma muryar saurayi ce.

Majid ya miƙo mini katin ya mayar da abinsa kunne. Khairiyya ta kwashe da dariya.

"Iye! Ango ya ga teku murya ta koma ta ɗan shekara ashirin. Yalla, mu je."

Zan iya cewa ƙirjina na ciwo mu koma. Ban taɓa cewa mace ina jin ciwo ba. Na shiga.

Cikin da sanyi, da warin gishiri da tsatsa. Matakalar dutse ce, tana murɗawa sama, ba ta ɗaukar mutum biyu a jere. Khairiyya ta wuce gaba tana ƙirgawa da Larabci, muryarta tana hawa tana dawowa. Na bi ta ina dafa bango. Bangon yana gumi.

A wajen matakala ta talatin na ji abu ya sauka a kaina. Ba ciwo ba ne. Nauyi ne, kuma na san shi: tabarma a naɗe, tukunya ƙarama, riguna biyu, allo. Na san inda kullin yake danna mini ƙwaryar kai. Wuyana ya sandare. Na ci gaba da hawa.

A taga ta farko Khairiyya ta tsaya tana jirana. Ta dube ni, ta karkata kai.

"Me ya sa ka ɗaga hannu haka?"

"Kamar yaya?"

"Ga shi nan, hannunka na dama a sama kusa da hula. Kamar masu talla a bidiyon Najeriya. Me kake riƙewa?"

Na sauke hannun. Da ta juya, ya koma da kansa.

A taga ta biyu, wadda ta kauce, na tsaya don numfashi. Ta yi nisa, ina jin takunta can sama. Tagar tana kallon teku, ba komai a cikinta sai fari. Ko kukan tsuntsu babu. Ruwan ma ba ya motsi.

"Ya'u."

Daga nesa, a hankali, kamar wanda ba ya so a ji shi. Yana jan ƙarshen sunan kamar yadda mutanen gidanmu ke yi. Shekara hamsin da takwas ba wanda ya kira ni da shi, amma bakina ya buɗe kafin in sani. Na cije leɓe. Na ɗanɗana jini.

"Jaddi! Mi'a wa arba'in! Na kai! In kira maka motar asibiti?"

"Kira wa ubanki," na ce, na ci gaba.

Na kai. Ban san yadda aka yi ba, amma na kai. A sama akwai ɗaki zagayayye, a tsakiyarsa wani gilashi da ya fi mutum tsawo, mai layi-layi kamar an jera farantai. Fitilar ta daɗe da mutuwa. Idan ka dubi gilashin sai ka ga fuskarka a yayyanke, ido a nan, baki a can. Ban sake duba ba. Wata ƙaramar ƙofa ta fitar da mu baranda mai shingen ƙarfe, wadda ta zagaye hasumiyar.

Hazon ya ɗan janye daga gaɓa. Khairiyya ta kama hannun rigata.

"Shuf, Jaddi, duba kalar ruwan. Subhanallah. Can kore-kore, har kana ganin duwatsu. Amma dubi wancan, kamar bakin rijiya."

Na duba. Baƙi ne, zagayayye, a tsakiyar ruwa mai haske. Daga sama ko makaho zai kauce masa. Taku biyar zuwa hagu da mun wuce lafiya. Kuma kusa yake. A raina kullum yana can tsakiyar teku, inda ba abin da mutum zai iya yi. Ashe da dutse za ka jefe shi daga gaɓa.

Ta ɗauki hotuna, ta sa ni na tsaya ta ɗauke ni, ta ce fuskata kamar wanda aka kama da sata. Daga nan ta zagaya ɗaya ɓangaren neman inda waya za ta kama, ta nuna wa uwarta.

A nan dabara ta zo mini. A masallatan garin nan na ga ana yi wa wanda ya mutu a nesa salla, ba gawa a gaba, kabbara huɗu a tsaye. A Gumel ba ma yi, amma na ga ana yi. Da alwalata na fito. Na ce in yi masa ita yanzu, a ɓoye, a kan kabarinsa. Ya samu sallarsa ya kwanta, ni kuma in sauka da sunan a aljihuna, ba wanda ya ji.

Na nemi alƙibla. Daga Jidda, Makka tana gabas. Teku yana yamma. Sai da na juya masa baya.

Na yi kabbara ta farko, na karanta Fatiha.

"Ya'u."

Ba daga nesa ba yanzu. Daga gindin hasumiyar.

Na yi ta biyu. Na yi salati. Ƙafafuna sun yi sanyi tun daga tafin har gwiwa, iya gwiwa daidai. Ban duba ƙasa ba.

"Ya'u."

A bakin shingen, a bayana. Na ji ɗigar ruwa a kan ƙarfe, ɗaya bayan ɗaya.

Na yi ta uku, inda ake roƙa wa mamaci gafara. A nan na gane abin da nake yi. Ga bayana a gare shi, ga fuskata a gabas, ga bakina da dalilin da zai hana shi amsawa. Wancan karon kaya na fake da su. Wannan karon salla. Na ƙarasa duk da haka, don ba a yanke salla. Na yi sallama. Wuyana bai juya ba, sai idona kawai.

Shiru. Na ce a raina ya karɓa.

Khairiyya ta zagayo. Wayar tana hannunta a kashe, kuma ba dariya a fuskarta.

"Jaddi, ka ji?"

"Me?"

"Wani yana kira. Bahaushe ne. Waye Ya'u?"

Na dube ta. Idon Tani ne da ita. Na tuna katinta, da na ubanta, da na ƙannenta uku da ke makaranta.

"Ban ji komai ba."

"Ba ka ji ba? Ga shi ya sake." Ta kama shingen ta leƙa. "Daga ruwa yake. Ya Allah, mutum ne ya faɗa! Masunci ne ko lebura. Yana shan ruwa, Jaddi, ba ka ji yadda muryar ke yi ba?"

Ni ban ji ba. A karon farko tun da muka shigo, ban ji komai ba. Ya bar ni ya koma wajenta.

"Tsaya nan," na ce.

"Mutum na mutuwa ka ce in tsaya?"

Na kai hannu, na kama iska. Ta shige ƙofar, na ji takalminta yana dukan matakalar yana nisa. Ni da na hau da ƙyar, kafin in sauka ashirin ta gama ɗari da arba'in. Na koma bakin shingen.

Ta fito a ƙasa, ƙarama kamar tsuntsu. Ta buga gilashin Majid sau biyu. Kansa yana sunkuye a waya, bai ɗago ba. Ba ta jira ba. Ta cillar da takalmi, ta tattare abayarta, ta shiga ruwa.

"Khairiyya!"

Muryata ta fita ta tsaya a gabana, kamar na yi magana cikin bargo. Na sake kira. Na kira Majid. Na doki ƙarfen da tafin hannu har ya yi zafi. Ba wanda ya ɗago.

Tana tafiya, ruwa iya gwiwa. 'Yar Jidda ce, amma teku a wurinta wurin shan shayi ne da ɗaukar hoto, ba ta fi mu sani ba. Daga inda take ba a ganin ramin, ruwan duk fari ne a ido. Daga inda nake ina ganin komai. Ba ta kauce dama ba, ba ta kauce hagu ba. Kanta a karkace kamar mai sauraro, tana nufar bakin rijiyar kai tsaye. Taku goma. Takwas.

Na cika ƙirjina. Shekara arba'in ina kiran masu sayen tsire daga wancan tsallaken titi, muryata ba ta taɓa ba ni kunya ba.

"Na'am, Yaya! Ga ni! Ni ne Ya'u! Na ji ka tun farko, ban amsa ba! Bar yarinya, ba ta san komai ba!"

Wannan ta fita. Ta bugi ruwa ta dawo. Majid ya fito daga ɗakinsa a guje, waya ta faɗi a yashi. Khairiyya ta tsaya cik. Ta juyo ta ɗaga kai ta dube ni. Sai ta dubi gabanta, ta ga inda kore ya ƙare baƙi ya fara, bai kai tsawon tabarma daga ƙafarta ba. Ta ja da baya a hankali, ba ta juya ba har sai da ruwan ya koma idon sawu.

Hannuna na dama ya sauko. Na juya wuyana hagu da dama, ya juyu. Ba kowa a barandar. Wurin da na tsaya salla a jiƙe yake, da wani wurin kusa da shi, bayansa kaɗan.

Na sauka ni kaɗai. Na daɗe.

Majid yana ta faɗa da Larabci, wai an hana shiga ruwa, ga allo an kafa, za a kore shi daga aiki. Khairiyya ta ce masa ta ji kamar mutum ne. Ya ce ba kowa a nan sai shi, wata uku ke nan, kuma shi ba ya cire abin kunnensa idan hazo ya sauko. Bai ce don me ba. Ba mu tambaya ba.

A mota ba ta kunna inji ba. Abayarta tana ɗiga a kan tabarmar ƙafa. Ta riƙe sitiyari da hannu biyu.

"Faɗa mini," ta ce. Ba ta ce angona ba, ba ta ce Jaddi ba.

Na faɗa mata. Ban ƙara ba, ban rage ba. Bai ɗauki lokaci ba.

Da ta buɗe baki, da Larabci ta fara, da sauri, rabin ban kama ba. Sai ta dawo Hausa.

"Sunana a kati Khairiyya Zaharadden Muntaka. Ni jikar wa ce ke nan?"

"Kin san wanda ya goya ki a kafaɗa zuwa idi."

"Kada ka yi mini wannan." Ta share ido da bayan hannu. "Ji nan. Ni na ji, yayanka ya ji, halas. Zancen ya tsaya a nan. Idan ya fita, tarhil ne, a kwashe mu duka a jirgi. Baba bai taɓa ganin Najeriya ba. Ni ko sunan garin ban iya faɗa daidai ba. Ina za mu?"

"Ba a yi masa sadaka ba."

"Yi masa a ɓoye!"

"Na gwada ɓoye ɗazu. Kin ga inda ya kai ki."

Ta kunna mota. Muka koma Nuzla. Da zan fita ta riƙe hannuna, ba ta dube ni ba.

"Ina shiga ruwan ya daina kiran sunanka," ta ce. "Cewa yake, miƙo hannu. Muryar ba ta mugu ba ce, Jaddi. Shi ya sa na tafi."

Kwana biyu ina juya maganarta. Gaskiya ta faɗa game da jirgin. Amma na yi lissafin yaran gidana, waɗanda ke zuwa bakin teku kowace Alhamis da yamma, suna cire takalmi.

Ranar Talata na sayi rago. Na yanka, na fede, na gasa da hannuna, ban bar kowa ya taɓa ba. Na sa aka dafa shinkafa. Bayan la'asar aka shigo da farantan cikin masallacin layinmu. Mutum wajen arba'in ne: tsofaffin da muka yi zamani tare, da direbobi, da 'yan umara da suka ƙi komawa, da wasu fuskokin da ban sani ba. Zaharadden yana sahun farko. Liman, Malam Muslim, ya gyara zama ya dube ni.

"Alhaji, sadakar wa za mu yi wa addu'a? Hajiya Tani?"

"Muntaka Adamu."

Aka yi dariya. Wani daga baya ya ce, "Alhaji ya ƙosa, ya fara aika guzuri tun yanzu."

Na miƙe tsaye. Gwiwoyina ba su gama hucewa daga matakalar ba, amma na miƙe.

"Muntaka wana ne. Ya nutse a kudu da garin nan shekara hamsin da takwas da suka wuce. Ya kira ni ban juya ba. Takardarsa nake ci da ita tun ranar. Sunana Ya'u. Ku yi masa addu'a."

Ba wanda ya motsa. Ana jin fankar sama tana juyawa. Malam Muslim ya dube ni har na ɗauka ba zai yi ba. Sai ya ɗaga hannu. Aka ɗaga. Da aka shafa, tsofaffin suka taso ɗaya bayan ɗaya suka ba ni hannu. "Allah ya jiƙansa. Ya haƙuri?" Na ce da godiya. Fuskokin da ban sani ba suka ci naman suka fita.

Zaharadden bai ci ba. Ya ɗauki takalminsa tun kafin a shafa. Yau kwana goma sha ɗaya bai zo ba, bai kira ba. Ban aika masa ba. Khairiyya ta zo sau ɗaya, ta ajiye mini maganin gwiwa, ta tsaya a ƙofa ba ta zauna ba. Ta ce uwarta ta fara haɗa takardu a jaka ɗaya, ko da za a zo. Ta ce ubanta yana tsayawa a taga duk lokacin da mota ta rage gudu a layinsu. Da za ta tafi ta ce, "Sai an jima, Ya'u," a hankali, kamar mai gwada sabon takalmi. Jika ce, tana da iko.

Mutum arba'in sun ji. Ba duka ne za su riƙe baki ba, kuma ban roƙi kowa ba. Kullum bayan sallar asuba ina sa riga mai tsabta, in fito da kujera ƙofar gida in zauna. Ban san wanda zai fara zuwa ba, ko daga ofis, ko daga gidan ɗana, ko daga wani wurin. Duk wanda ya zo, ya same ni a zaune.